Kafin ɗan ci-rani ya sake tura kuɗin kyamara gida, a fara gano abin da ya kashe ta farko

A garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kamar yadda yake a birnin Maraɗi, yanzu ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗaga kai ya ga kyamarar tsaro a saman ƙofar gida, ko a kusurwar shago, ko a bakin magazan da ake tara aya da riɗi da wake. Abin da mai wucewa ba zai gane ba shi ne wasu daga cikin kyamarorin nan sun daɗe da mutuwa. Suna nan a maƙale, ƙura ta rufe musu ido, akwatin da ke naɗar hoto ya yi shiru a ɗaki, mai gida kuwa bai sani ba sai ranar da aka ɗauke babur ko aka fasa shago, a je neman hoto a tarar babu.

Daga nan sai waya ta tafi ga ɗa ko ƙane da ke Agadas, Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, wanda galibi shi ya biya kuɗin kayan tun farko. Amsar da ake ba shi takan zama ɗaya: komai ya lalace, sai an canja duka. Shi kuma, da yake hankalinsa na kan iyaye da iyali, sai ya matse bakin aljihu ya je ya turo kuɗi ta NITA ko Al Izza ko Amana, a sayo sabon kwali, a maƙala shi a inda aka cire na jiya, a jona shi da wutar da ta kashe na jiya. Bayan damina ɗaya ko biyu a koma gidan jiya.

Wannan hanya asara ce, kuma ana iya kauce mata. Mai ƙaramin ƙarfi da kyamararsa ta mutu ya kamata ya bi abin daki-daki: a fara gano abin da ya lalace, a gyara sha'anin wuta, a tabbatar da wurin ajiyar hoto, sannan a zo kan kyamara. Kyamarar da ake gani a bango ita ce ta ƙarshe a wannan jeri, duk da cewa ita ce aka fi tallatawa.

Ba kasafai komai ke mutuwa lokaci ɗaya ba

Kayan da aka fi sakawa a gidaje guda biyar ne a haɗe: kyamarori, wayoyin da ke ɗauko hoto, adaftar da ke ba su wuta mai ƙarfin bolt 12, akwatin naɗa da masu sana'ar ke kira DVR, da faifan ajiya da ke cikin akwatin. Idan hoto ya ɗauke, da wuya a ce duka biyar ɗin ne suka mutu tare, sai dai in tsawa ce ta faɗa. Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne mafi araha a cikinsu, wato adafta, sai kawunan waya da tsatsa ko ruwa ya ci, sai wayar da ɓera ya gutsura ko rana ta ƙona, sai faifan ajiya.

Gane wannan ba ya buƙatar digiri. Idan kyamarori huɗu suka ɗauke a lokaci guda alhali akwatin na kunne, a fara zargin adaftar da ke ciyar da su. Idan ɗaya ce ta ɗauke, a sauko da ita a jona ta kusa da akwatin da gajeriyar waya. In ta nuna hoto, laifin na wayar bango ne. Idan hoto na fita da rana amma ya ɓace da dare, yawanci wuta ce ba ta isa, domin fitilun ganin dare na jan wuta fiye da yadda siririyar waya mai tsawo za ta iya kaiwa. Idan kuma ana ganin hoto a allo amma ba a iya komawa baya a ga na jiya, ko akwatin na ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, to faifan ajiya ne abin dubawa. Mai gyara da ke da mitar auna wuta zai iya kammala wannan bincike a wuni ɗaya. Biyansa ladan binciken kaɗai, ba tare da sharaɗin sayen kaya a hannunsa ba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen sabon kwali. Wanda abincinsa ke cikin sayar da kaya, ba a sa ran ya ce adafta ce kawai ta mutu.

Ko da akwatin ne ya ƙone, ba dole ne a zubar da sauran ba. Akwatunan naɗa na yanzu, irin na Hikvision da Dahua da aka fi samu a kasuwannin Maraɗi da Kano, da yawansu na karɓar kyamarori na tsarin kamfanoni daban-daban, har da tsofaffi. Wayar da ke cikin bango, in dai ta jan ƙarfe ce ta ainihi kuma ba ta yanke ba, za ta iya ɗaukar hoton sabuwar kyamara. Ja da binne waya na cin kuɗi da lokaci, don haka duk wadda ta tsira riba ce. Wannan lissafi ya ƙara muhimmanci tun daga 2023, lokacin da kayan da a da ke shigowa ta tashar Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso.

Wuta ce uwa-uba

Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda wutar yankin ke fitowa, domin a garinsu ne layin da ya taso daga Katsina mai ƙarfin kilobolt 132 ke sauka kafin a raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, a lokacin da ƙasar ke sayo kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga can, ba a kuma dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Darasin da ke ciki ga mai kyamara a fili yake: na'urar da ta dogara kacokan ga wutar NIGELEC tana barci a daidai lokacin da unguwa ta yi duhu, kuma lokacin ne ɓarawo ke so. Ban da haka, ɗaukewa da dawowar wuta ba zato ba tsammani na daga cikin abubuwan da ke gajarta ran adafta da faifan ajiya.

Abin farin ciki shi ne kayan ba su da cin wuta sosai. Kyamara ɗaya takan ci wajen wat 5 da dare, akwati mai ɗaukar kyamara huɗu da faifansa kuma wajen wat 10 zuwa 15. Jimilla ba ta wuce wat 35. A dare mai awa 12 ana buƙatar kimanin wat-awa 420, a yini da dare kuma kimanin 840. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 600, wanda ya isa ya kai gari ya waye. Farantin sola na wat 200 zuwa 250 zai iya riƙe kayan da rana ya kuma cika batirin a ranar da sama ta yi garau. Da yake kyamarorin da ƙananan akwatuna da bolt 12 suke aiki, ana iya ciyar da su daga batir ta hanyar ƙaramar na'urar daidaita wuta, ba sai an sayi inbata ba. Na'urar dole ce, domin batir na haura bolt 14 a lokacin caji.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin jahar Maraɗi na wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Batirin dalma na tsufa da wuri a irin wannan yanayi. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 na rage masa rabin kwana. Akwatin da aka kulle a cikin kabad don ɓoye shi daga ɓarawo, a hana shi iska, shi ma dafuwa yake yi. A nema masa wuri ɓoyayye mai shan iska, a riƙa kakkaɓe masa ƙura musamman da hunturu. Da damina kuma, tsawa na iya bin doguwar waya ta shigo har cikin akwati, shi ya sa sandar ƙarfe da ake binnewa a ƙasa da ƴar na'urar kariya daga hauhawar wuta suka cancanci kuɗinsu. Ko jika 50 mutum ke da ita ko 200, kaso mafi tsoka ya tafi nan. Kyamara biyu masu aiki dare da rana sun fi takwas da ke mutuwa da an ɗauke wuta.

Araha ba ta ado

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce: ga ƙananan kyamarori marasa waya, wasu da layin salula a ciki, wasu da ɗan farantin solarsu, ana kallonsu ta manhajar waya daga ko'ina a duniya, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga garken dabbobi a bayan gari, ko rumbu, ko gidan da ake kan ginawa babu wuta, irin wannan kyamara mai katin memori na iya zama mafita, musamman in ta kamfanin da aka sani ce kamar EZVIZ, Imou ko Tapo.

Amma a san abin da aka saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na farko, hoton yana cikin katin da ke jikin kyamarar. Wanda ya fizge ta ya tafi da shaida. Na biyu, ta dogara ga rezo, kuma ƙarfin Airtel, Moov ko Zamani a tsakiyar garin Agye daban yake da na ƙauyen da ke nesa da babbar hanya. Na uku, akwai kuɗin data da ba ya ƙarewa. Hoton da ke tafiya da saurin megabit 1 a daƙiƙa na cin mega 450 a awa ɗaya. Ɗan ci-ranin da ke buɗe manhaja awa biyu kullum don ya ga gida zai ƙone kusan giga 27 a wata a layin kyamarar, ban da na wayarsa. Na huɗu, mafi arahar cikinsu ba su da sunan kamfani, ba su da garanti, kuma ranar da manhajarsu ta daina aiki babu wanda za a kama.

Shi ya sa ga gidan da ake zaune a ciki, naɗa a akwati a cikin gida ya fi kwanciyar hankali, kallo daga nesa ya zama ƙari. Lissafin ajiyar ma mai sauƙi ne. Kyamarar da ke naɗa da megabit 2 a daƙiƙa na cika kusan giga 22 a rana. Guda huɗu, giga 86. Faifai mai terabait 1 zai riƙe kwana 11 zuwa 12 kafin ya fara goge na baya. Idan aka saita akwatin ya riƙa naɗa sai an yi motsi, kwanakin za su ƙaru sosai. A nemi faifan da aka yi don wannan aiki, irin su WD Purple ko Seagate SkyHawk, a guji tsohon faifan kwamfuta da aka goge aka sa a sabuwar leda. A kuma saita kwanan wata da agogon akwatin, domin hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba yana da rauni a gaban jandarma ko alƙali.

Wurin maƙalawa ma na da nasa hukunci. Mutane na son kai kyamara can ƙololuwar gini don kada a taɓa ta, sai ta riƙa ɗauko hula da rawani ba fuska. Guda ɗaya a zaure ko ƙofar shiga, a tsayin da ke kama fuska, da fitilar sola mai haske a gefenta, ta fi uku da ke kallon fili.

Abin da kyamara ba za ta iya ba

A nan ne ya kamata a faɗa wa juna gaskiya, musamman game da Gidan Rumji. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jahar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, har hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati suka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Ƙauyukan iyaka na Gidan Rumji da Madarunfa sun sha fama da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa. Mutanen da ke zuwa da dare a kan babura, da bindigogi, fuska a rufe, kyamara ba ta tsayar da su. Duk wanda ya sayar wa ɗan ci-rani kyamara da alƙawarin za ta kare mahaifinsa daga irin waɗannan, ya sayar masa da kwanciyar hankalin ƙarya.

Binciken masana ma haka ya nuna. A 2019 Eric Piza da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarcen shekara 40 kan kyamarorin tsaro, akasari daga Birtaniya da Amurka, suka gano cewa sun rage laifuka da kimanin kashi 13 cikin 100, tasirin ya fi ƙarfi a wuraren ajiye motoci, amma ba su ga wani tasiri na a zo a gani ba kan laifukan da ake amfani da ƙarfi. Sun kuma lura cewa kyamara ta fi amfani in akwai mai kallonta, kuma in an haɗa ta da wasu matakai. Idan haka ne a ƙasashen da ɗan sanda ke isowa cikin mintuna, ina ga ƙauyen da ke da nisa da barikin jandarma?

Aikin kyamara shi ne ƙananan sata: babur a ƙofar gida, buhu a magaza, akuya a turke, hannun da ke shiga aljihun teburin shago. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma idan kuɗin kaɗan ne, ƙofar ƙarfe mai kyau, kwaɗo mai ƙarfi, fitila a lungu, albashin mai gadi da maƙwabta suka haɗa, da kyakkyawar alaƙa da samarin fadar da ke shan shayi a bakin layi har tsakar dare, duk suna gaban kyamara ta uku da ta huɗu. Hoton da babu wanda zai tashi a kansa, ihu ne bayan hari.

Idon da ke kallon waje, kada ya juyo ciki

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba. Gidan Bahaushe na da zaure saboda dalili: akwai iyakar da baƙo ke tsayawa. Kyamarar da aka kafa a tsakar gida, inda mata ke aiki, inda makewayi ba shi da rufi, ta rushe wannan iyaka, kuma hoton na iya kaiwa ga wanda ba a yi zato ba. Wanda ya kafa kayan sau da yawa shi ya sa kalmar sirri, kuma manhajar na nan a wayarsa. Wasu kuma ba a taɓa canja musu kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubun-dubatar kyamarori da akwatunan naɗa a duniya ta wannan ƙofa, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da aka gama aiki, mai gida ya canja kalmar sirri da hannunsa, ya kuma tabbatar an cire na'urar daga asusun mai gyara an mayar da ita nasa.

Ɗan ci-rani ma ya tambayi kansa tsakani da Allah: tsaron gida yake so ko gadin matarsa? Kyamarar da aka sa don ƙidaya shiga da fitar matar aure, ko don ganin wa ya zo wurin uwar miji, fitina take haifarwa, domin hoto marar bayani daga nisan kilomita dubbai zato kawai yake ƙarawa. A yi shawara da mazauna gidan kafin a kafa, su san inda take kallo. Haka nan maƙwabci na da haƙƙi. Kyamarar da ke leƙa katangarsa cin zarafi ce. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Sannan wanda ya ɗora hoton wani a Facebook ko WhatsApp yana kiransa ɓarawo ya sani cewa a watan Yunin 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta kafafen intanet. Hoton dare kan yi dishi-dishi, kama kuma ba ta zama shaida. Wurin kai hoto shi ne ofishin ƴan sanda ko jandarma.

Abin da ya rage

Babban giɓin da ke yankin na masu gyara ne. Masu sayarwa sun yi yawa, masu iya auna wuta su gano cuta sun yi kaɗan, har ya zama sai an jira wani daga Maraɗi ko an aika kaya Kano. Cibiyoyin koyar da sana'o'i na ƙananan hukumomi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya shigar da gyaran kyamara cikin horon lantarki da sola. Saurayin da ya ƙware a wannan a Gazawa ko Tsibiri ya samu sana'ar da za ta riƙe shi a gida. Su kuma masu sayarwa, lokaci ya yi da mai saye zai daina karɓar kaya ba rasiti, ba rubutaccen garanti, ba sunan kamfani da lambar kowace na'ura.

Wanda ke waje kuma aka kira shi kan maganar kyamara, kafin ya nufi wurin tura kuɗi, ya nemi amsar tambaya uku. Wane ɓangare ne takamaimai ya mutu, kuma wa ya auna shi? Me zai riƙe kayan idan an ɗauke wuta? Wane ne a gidan aka ɗora wa alhakin ya riƙa buɗe hoton jiya sau ɗaya a mako, ya goge ƙura da yanar gizo-gizo daga idon kyamarar? Idan babu amsar ta uku, ko sabon kwali aka sayo, ranar da za a neme shi ba za a same shi ba.